Shekarun Keken Olindo

A garinmu na Valmorana, in ka hango mutum ya tsuguna a gindin keken wani, ya tura tabarau kan goshi yana jan tsaki, ba sai ka tambaya ba, Gildo Pavanello ne. Kuma ba kiransa aka yi ba. Mai keke ya jingine abinsa ne a bangon shagon kofi ya shiga, kafin ya fito Gildo ya riga ya gama yi masa tas.

Na ga ranar da ya yi wa wani tsohon direban bas daga ƙauyen gaba. Mutumin ya fito da kofi a hannu yana ta fara'a, ya ce a kasuwar tsofaffin kaya ya samo keken, an ce masa ƙirar shekarar saba'in da biyu ne.

"An ce maka," in ji Gildo, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "To ni ma bari in ce maka. Fentin nan na bara ne, har yanzu wari yake. Sunan da ke jiki manna shi aka yi, kuma a karkace. Birkin gaba da na baya ba uwarsu ɗaya ba. Sirdin kuwa ko jaki aka ɗora wa sai ya kai ƙara. Bawan Allah, abin da ya haura shekara hamsin a wurin nan kai kaɗai ne."

Direban ya ajiye kofin bai shanye ba, ya ja kekensa ya tafi a ƙasa, kunya ta hana shi hawa. Gildo ya bi shi da kallo yana shafa gemu. Ranar ta yi masa daɗi ƙwarai.

Abin haushin shi ne ba ya kuskure. Da zai riƙa yin ɓaranɓarama da mun samu abin dariya mun huta. Amma ina. Ya san inda kowane maƙerin keke na yankin nan yake goga mahaɗar firam da inda yake bari. Ya san ɗan notin da ke ƙarshen wili wanda ake buga shekara a cikinsa. Ya san lokacin da aka daina ɗaure gorar ruwa da maɗauri aka koma yi mata mazauni da walda. Ka ba shi firam tsirara, ba fenti ba suna, ya laluba shi da yatsa kamar mai zaɓen tumatir, ya faɗa maka shekara da garin da aka ƙera shi. Ilimi dai Allah ya ba shi. Sai dai a hannun Gildo ilimin bai taɓa zama komai ba face sanda.

Ba a banza ya tashi haka ba. Duk ƙuruciyarsa da girmansa a masana'antar tabarau ya yi su, can sama wajen Belluno, kuma aikinsa guda ne: a turo masa abin da wasu suka wuni suna yi, shi kuma ya nemo aibinsa ya jefa a kwandon shara. Bai taɓa ƙera ko allura ba. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida da idon nan nasa, ya rasa inda zai sa shi, ya juya kan kekuna. Aure kuwa bai yi ba. An ce ya taɓa neman wata yarinya, ranar da ya je gidansu ya gaya wa uwarta cewa labulen falonsu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Daga nan maganar ta mutu, kuma har yau yana ganin shi aka zalunta.

Falon nasa yanzu ba kujera, kekuna ne rataye a bango, kowanne na sheƙi, kowanne da kayansa na asali har wayar birki. Tayoyinsu ba su san ƙasa ba. A garin da tsofaffi masu jikoki suke tashi da safe su haye dutse suna haki suna zagin gwiwoyinsu, Gildo ne kaɗai masanin keke da ba wanda ya taɓa ganin gumi a bayan rigarsa. In an tsokane shi sai ya ce, "Hawa yana lalata keke." Haka yake faɗa, ko kunya ba ya ji.

Mutum irin wannan ba a gayyatarsa cin abinci. Gida ɗaya ya rage masa a duniya, gidan ƙanwarsa Nerina. Duk Lahadi da rana yana can, ya zauna a kujerar da ke kusa da taga, a zuba masa tuwon polenta da naman zomo, ya ci ya ƙoshi ya ce gishiri ya yi yawa. Nerina ta saba, sai ta ce, "To Yaya, mako mai zuwa ka zo da naka." Ya dawo kuma, hannu na dukan cinya. In ka cire wannan teburin daga rayuwar Gildo, abin da ya rage sai kekunan bango da rediyo.

Mijin Nerina, Olindo, mai gasa burodi ne, ƙato mai dariya da ƙarfi, kuma ɗan keke na gaske. A shekarar sittin da takwas, yana saurayi, ya ci tseren hawan dutsen garinmu, ya tsere wa yaran Treviso da kowa ya ɗauka su za su lashe. Wannan ce nasara ɗaya tilo da ya taɓa yi, kuma bai bari kowa ya manta ba. Duk Lahadi sai ya ba da labarin, dutsen yana ƙara tsawo, ruwan sama yana ƙara ƙarfi. Gildo yana tauna nama yana hararar faranti. Ya tsani labarin, ya tsani dariyar, ya fi tsanar yadda mutane ke son Olindo ba tare da Olindo ya san komai ba.

Jan keken da Olindo ya ce da shi ya ci tseren, ƙirar tsoho Bortolo maƙerin garinmu, tun kafin Gildo ya dawo gida Olindo ya daina hawansa. Yana ɗakin kwanansu an lulluɓe shi da bargo. Sau nawa Gildo ya roƙa a bar shi ya duba.

"Kekena ba gawa ba ne da za ka zo ka feɗe," Olindo yake cewa. "Ci tuwonka, suruki."

A farkon sanyin bara Olindo ya faɗi a bakin tanda, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Akwai ɗan coci a kan dutsen, daidai inda hanya ke karyawa ta gangara. In ɗan ƙungiyar keke ya mutu, da bazara ta shigo sai a hau da kekensa, limamin cocin ya sa albarka, a rataye shi a bango tare da na sauran, a manna ɗan allon tagulla mai sunansa da shekarar keken. Tun da wata shekara wasu magada suka kawo keken kanti suka ɓoye na kirkin, sai ƙungiya ta ɗora wa Gildo duba duk keken da za a rataye, ya tsaya gaban jama'a ya faɗi maƙerinsa da shekararsa. Aikin minti biyu ne. Gildo ya ɗauke shi kamar an naɗa shi alƙalin alƙalai.

Saura mako guda a rataye keken Olindo, bayan an ci abincin Lahadi, Nerina ta kai shi ɗakin ta yaye bargon da kanta.

Gildo ya tsuguna. Abin canza giya na asali ne, na shekarun sittin. Feda haka. Ya kwance notin wili, ya kanga a haske, sittin da bakwai, daidai. Tambarin tagulla na Bortolo yana nan a goshin firam, ya dushe don tsufa. Har ransa ya fara ɓaci, don ya ga alamar komai zai fito lafiya. Sai idonsa ya sauka kan bakin ƙarfen da wilin baya ke shiga. Gajere ne. A sittin da takwas ba maƙerin da ke da irin wannan, dogaye ake sawa. Ya shafa mazaunin gora, walda ce, kuma a ƙarƙashin fentin farko take, ba daga baya aka ƙara ba. Ya auna faɗin baya, ya fi na zamanin. Ya kai farce gefen tambarin, ya ji ƙusoshin da suka riƙe shi ba tsaransa ba ne. Kayan tsofaffi ne, firam ɗin kuwa ya zo duniya ne shekara goma ko sha ɗaya bayan tseren.

Wani daɗi ya taso masa tun daga ciki har wuya. A ɗakin mamaci, gefen gadon da har yanzu matashin Olindo ke kai, mutumin nan sai da ya cije leɓe don kada murmushi ya kufce masa.

"Nerina," ya ce, "keken nan fa..."

"Yaya." Tana tsaye a bakin ƙofa, hannu harɗe a ƙirji. "Ban kira ka ka karantar da ni ba. Ranar Lahadi ka tashi ka ce Bortolo, sittin da takwas, ka koma ka zauna."

"Ai ba ki ji abin da zan faɗa ba."

"Na san fuskarka tun ina goye. Saurara da kyau. Shekara da shekaru mutumin nan yana ciyar da kai kana yi masa tsaki, bai taɓa ce maka tashi ba. In ka kunyata shi a gaban abokansa alhali ba ya nan balle ya rama, ka gama cin abinci a gidan nan. Ba wasa nake ba."

Ta mayar da bargon, ta gyara gefensa.

Kada wani ya zaci Gildo ya shafe makon yana kokawa da zuciyarsa tsakanin gaskiya da zumunci. Ba zumunci ne ya dame shi ba, ƙaiƙayi ne. Ya san abu, abu babba, kuma an ce ya yi shiru. Ya zauna a shagon kofi kamar mai riƙe da fitsari, kofinsa ya huce bai sani ba. Ya gwada faɗin "sittin da takwas" a gaban madubi, bakinsa ya ƙi. Sai ya ce wa kansa, in ya bari, wata rana wani ɗan Milano mai ido zai shigo cocin ya ɗaga kai ya ga gajeren ƙarfen nan ya ce, wane makaho ne ya duba wannan? Wannan baƙon da ba a ma haifa ba ya fi tsaya masa a rai fiye da ƙanwarsa.

Sante, shugaban ƙungiyar, tsohon magini da ya yi tsere tare da Olindo, ya same shi a nan ranar Alhamis.

"Farfesa, an ce ka samu ganin amarya. Ya ka same ta?"

"Za ku ji ranar Lahadi."

Sante ya dube shi na ɗan lokaci, dariyar ta bar fuskarsa. "Gildo, ba jarrabawa za mu je ba, jana'iza ce. Ka gane ko?"

"Ni aikina aka ba ni."

"Allah ya shirye ka," in ji Sante, ya biya kuɗin kofinsa ya fita.

Ranar Lahadi gari ya waye tangaran. Tsofaffin ƙungiyar suka haye dutsen a kan kekunansu, cikin tsofaffin rigunan ulu da suka matse musu tumbi, suna tsayawa a kowace kwana suna tari. Jan keken Olindo kuwa karɓa-karɓa suka yi, wannan ya tura shi da hannu ɗaya yana tuƙa nasa, in ya gaji wancan ya karɓa, don sun ce ba za a kai shi a bayan mota kamar buhun siminti ba. Gildo ya wuce su a ƙaramar motarsa, gilashi a rufe.

A ƙofar cocin an kafa tebur, ga burodi ga cuku ga kwalaben ruwan inabi. Don Livio, limamin, ya yi addu'a ya yayyafa wa keken ruwa. Nerina tana gefe cikin baƙar riga, riƙe da allon tagullar da aka riga aka rubuta. An jingina tsani a bango. Sante ya ce, "Gildo, bismillah."

Gildo ya fito tsakiya. Ya dubi Nerina sau ɗaya, ta dube shi. Na rantse a wannan lokacin ya so ya yi abin da ta ce. Amma mutum arba'in sun yi tsit suna jiransa, kuma Gildo bai taɓa samun mutum arba'in suna sauraronsa ya bar su sun tafi haka nan ba.

"Bortolo ne," ya ce. "Wannan ba shakka. Kayan jikinsa na sittin da bakwai zuwa da takwas ne." Ya gyara tabarau. "Amma firam ɗin bai taɓa ganin tseren sittin da takwas ba. Na saba'in da takwas ne, ko da tara. Ku zo ku gani."

Har tsugunawa ya yi yana nuni da biro. Ya yi bayanin gajeren ƙarfe, ya yi na mazaunin gora, ya yi na ƙusoshin tambari, muryarsa na ƙara tashi, fuskarsa na haske kamar ango. Ya gama ya ɗago yana jiran a yi salati.

Ba wanda ya matso. Wani ya tofar da yawu gefe. Sante ya jingine kekensa a hankali, ya zo ya tsaya a kansa.

"Ka gama?"

"Gaskiya na faɗa. In akwai mai musu ya fito."

"Ba mai musu. Saba'in da tara ne, watan Maris, ni na raka shi. Firam ɗin farko ya tsage a ƙarƙashin feda, saboda shekara goma yana hawan dutsen nan da shi, da rani da damina. Muka kai wa Bortolo, ya ce a bar masa zai yi masa sabon ƙashi. Ya auna tsohon ya ƙera wani daidai jikin Olindo, ya mayar da kayan, ya cire tambarin da hannunsa ya buga a sabon. Haka yake yi wa kowa." Ya nuna nasa keken da haɓa. "Wancan firam na uku ke nan, kuma shi ne keken da babana ya saya mini. Duk wanda ke tsaye a nan haka nasa yake. Sai naka ne ba sa tsagewa, don a bango suke."

Tsofaffin suka yi wata 'yar dariya mara daɗi. Mai hankali a nan zai yi shiru ya nemi gefe. Gildo ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"Na san ana yi," ya ce. "Amma firam shi ne keke. In an canza firam an canza keke. Ku rubuta abin da kuke so, ƙarya dai ƙarya ce."

"Ƙarya," in ji Nerina.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa wa Sante allon, ta tako har gaban yayanta. Ba kuka take ba, da ma kukan ne da ya fi sauƙi.

"Ranar da ya tsage, Olindo bai ci abinci ba. Ƙaton mutum ya zauna a matakala yana kuka kamar yaro. Ni na ce masa tashi ka kai wa Bortolo. Kana tsammani ban sani ba? Kowa a nan ya sani, Yaya. Kai kaɗai ne ka gano, don kai kaɗai ne ba wanda ya taɓa gaya wa komai."

"Nerina, ni fa ba shi na zaga ba, ƙarfen na..."

"Ba ni makullin gidana."

Ya tsaya yana kallonta kamar ta yi wani yare. Ta buɗe tafin hannu ta bar shi a buɗe. Gildo ya laluba aljihu ya fito da zoben makullai, ya shiga kici-kicin ɓanɓaro guda. Yatsun nan da ke kwance noti mai girman ƙwayar shinkafa ba tare da sun duba ba, yau sun ƙi aiki. Jama'a na tsaye, ba a jin komai sai ƙarar makullan. Da ƙyar makullin ya fito. Ta karɓa ta jefa a jaka, ta juya masa baya.

"Wa zai riƙe tsani?" Don Livio ya tambaya, don ya kashe shirun.

Mutum huɗu suka yi wuf. Sante ya hau, aka miƙa masa jan keken, ya rataye shi tsakanin na wani mahauci da na wani malamin makaranta, ya buga allon a ƙarƙashi: Olindo, sittin da takwas. Aka tafa. Aka buɗe kwalabe, wani ya fara ba da labarin tseren, wani ya ce ba haka aka yi ba, ruwan ya fi haka ƙarfi, har Nerina sai da ta yi murmushi tana share ido.

Gildo yana tsaye inda aka bar shi. Ba a kore shi ba, ba a kuma miƙa masa kofi ba. Can sai Nerina ta ɗaga murya ta ce duk a gangara gidanta, ta dafa zomo da yawa, kada kowa ya ce yana da uzuri. Tsofaffin suka hau kekunansu suna ihun murna, suka bi juna suka sha kwana.

Gildo ya daɗe a cikin mota bai tayar ba. Rana ta take tsaka, cikinsa ya fara kuka daidai lokacin da ya saba. Ya gangaro a hankali, ya ga kekuna jingine a katangar gidan Nerina tun daga ƙofa har lungu, taga a buɗe, hayaniya na fitowa. Wani ne zaune a kujerar kusa da tagar, ya ba titi baya. Gildo ya rage gudu kamar zai tsaya, motar da ke bayansa ta danna masa oda, ya wuce.